Dokar Rumawa a Agadas: Tarihin Kalmar "Mallaka" Daga Kundin Justiniyan Zuwa Rijiyoyin Abzin

1.0 Gabatarwa

Rumawa ba su taɓa mulkin Abzin ba. Iyakar daularsu ta kudu a Afirka ta tsaya ne a bakin Sahara, wajen Gadamas da ƴan sansanonin da ke kudu da Tarabulus, kuma daga can zuwa Agadas ayari kan yi makonni da yawa a hanya. Amma duk da haka, alƙalin kotun gwamnati da ke zaune a Agadas yau, in aka kawo masa ƙarar bashi, ko ta ciniki, ko ta filin da ke da takarda, da mudun Rumawa yake auna maganar, ko da kuwa bai ambaci sunansu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun hanyar da wannan mudu ya biyo har ya iso Agadas, ta nuna irin shari'ar da ya tarar a garin, sa'an nan ta bayyana inda suka yi karo. Da yake fagen yana da faɗi, za mu tsaya ne a kan batu guda, wato mallakar ƙasa da ruwa.

Dalilin ɗauko wannan batu a mujallar nazarin harshe a fili yake. Dokar ranar 31 ga Disamba 2001 ta jera harsunan ƙasa guda goma a Nijar, kuma Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan aikin mayar da dokoki cikin Hausa, da rubuta ƙananan littattafan yaƙi da jahilci a kansu, yana kan wuyan masana harshe. Kalmomin dokar Faransa kuwa suna ɗauke da tarihin Rum, na Hausa suna ɗauke da tarihin fiƙihu da al'ada. Wanda ya haɗa su bai san wannan ba yana iya rubuta wa makiyayi cewa rijiyarsa ba tasa ba ce, alhali doka ba ta ce haka ba.

2.0 Abin da Rumawa suka gina

Dokar Rumawa ta farko da aka rubuta ita ce Alluna Goma Sha Biyu, cikin shekarun 451 da 450 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma abin da ya ba dokar tasu daraja shi ne aikin wasu masana waɗanda sana'arsu ita ce ba da amsa ga mai tambaya, kusan kamar yadda mufti ke ba da fatawa. Daga cikinsu akwai Gayus, wanda ya rubuta littafin koyar da ɗalibai wajen shekara ta 161 Miladiyya, ya kasa doka kashi uku: abin da ya shafi mutane, da abin da ya shafi dukiya, da abin da ya shafi hanyar kai ƙara. Akwai kuma Papiniyan da Ulpiyan da Paulus, waɗanda suka yi zamani a farkon ƙarni na 3.

Sarki Justiniyan, wanda ya yi mulki a Ƙustantiniyya daga 527 zuwa 565, shi ne ya sa aka tattara wannan gado. Kwamitin da Tiriboniyan ya shugabanta ya tsinto maganganun tsofaffin masana ya jera su cikin littattafai 50, aka kira tarin Digesta, aka zartar da shi cikin 533 tare da sabon littafin ɗalibai mai kashi 4. Kundin dokokin sarakuna kuwa ya fito cikin 529, aka sake gyara shi cikin 534.

Abubuwa uku daga cikin wannan gado su ne suka shafe mu. Na farko, Rumawa sun raba tsakanin dominium, wato ikon mai abu bisa doka, da possessio, wato kasancewar abu a hannun mutum yana riƙe da shi kamar nasa. Ɓarawo yana da na biyun, ba shi da na farkon. Na biyu, sun yarda cewa daɗewar riƙo tana iya juyewa ta zama mallaka. A Alluna Goma Sha Biyu shekara 2 ce ga ƙasa, shekara 1 ga sauran kaya. A dokar Justiniyan kuwa shekara 3 ce ga kayan da ake ɗauka, ga ƙasa kuma shekara 10 in mai ita yana lardi ɗaya da mai riƙon, 20 in yana wani lardi. Na uku, sun rarrabe abubuwan da ba na wani mutum ba ne. Akwai res nullius, abin da ba shi da mai shi, kamar naman daji, wanda ya riga kamawa ya zama nasa. Akwai res communes, abin da yake na kowa ne bisa halitta, kamar iska da ruwa mai gudu da teku, wanda ba mai iya keɓe shi. Akwai kuma dukiyar wanda ya mutu bai bar magaji ba, wadda tun zamanin Agustus take komawa baitulmali.

Ya kamata a lura cewa Rumawa manoma ne da makiyaya, saboda haka dokarsu ta san haƙƙin ɗiban ruwa a rijiyar maƙwabci, da haƙƙin kora dabbobi zuwa mashaya ta cikin filin wani, da makiyayar da maƙwabta ke tarayya a kanta.

3.0 Daga Bolonya zuwa Faris

Bayan Justiniyan, Digesta ta yi kusan shekara 500 ba a karanta ta sosai a yammacin Turai. Sai a ƙarshen ƙarni na 11 aka farfaɗo da ita a garin Bolonya ta ƙasar Italiya, inda Irneriyus da almajiransa suka riƙa bin ta kalma kalma suna rubuta bayani a gefen shafi, irin yadda malamanmu ke yi wa littafi hashiya. Akursiyus ya tattara waɗannan bayanai wajen 1240. Tsofaffin masanan Rum ba su bar wata taƙaitacciyar ma'ana ta dominium ba. Bartolus, wanda ya rasu cikin 1357, shi ne ya ba da ma'anar da ta yi tasiri, cewa iko ne na sarrafa abu sarai sai inda doka ta hana. Da yake a Turai ta wancan zamani gona ɗaya takan kasance ƙarƙashin ubangiji da manomi a lokaci guda, masanan suka yarda cewa mallaka tana rabuwa biyu, ta sama da ta ƙasa.

A Faransa kanta, kudancin ƙasar da rubutacciyar dokar Rumawa yake aiki, arewaci kuma da al'adun gargajiya. Cikin 1219 Fafaroma ya hana koyar da dokar Rumawa a Faris, sai karatun ya yi ƙarfi a Orleyan. Jean Domat ya fara fitar da littafinsa na dokoki cikin 1689, inda ya sake jera ƙa'idojin Rumawa bisa tsari, Robert-Joseph Pothier na Orleyan kuma ya fitar da nasa a kan wajibai cikin 1761. Daga waɗannan biyu ne mutane huɗun da Napoliyon ya naɗa, wato Tronchet da Portalis da Bigot de Préameneu da Maleville, suka ɗebi mafi yawan abin da suka zuba cikin kundin da ake kira Code civil, wanda aka zartar ranar 21 ga Maris 1804 da ayoyi 2,281.

Juyin juya halin 1789 ya riga ya rushe haƙƙoƙin iyayen gijin ƙasa, don haka masu kundin ba su son ganin mallaka mai hawa biyu. Aya ta 544 ta mayar da mallaka iko guda a hannun mutum guda, mai cin moriya da sarrafawa yadda ya ga dama matuƙar bai saɓa doka ba. Ayoyi na 539 da 713 sun ce dukiyar da ba ta da mai ita ta gwamnati ce. Aya ta 714 ta riƙe tunanin abin da yake na kowa, aya ta 2265 kuma ta riƙe shekaru 10 da 20 na Justiniyan. Abin da zai ƙetaro zuwa Afirka, ashe, zaɓi ne da Faransa ta 1804 ta yi daga rumbun Rumawa domin biyan buƙatarta.

4.0 Shari'ar da ke Agadas kafin zuwan Faransawa

An kafa sarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, kuma kafin tsakiyar ƙarnin fadar ta zauna a Agadas. Tun daga lokacin garin yake cikin zaren ilmin Malikiyya. Shehu Magili ya sauka a Takadda ta ƙasar Abzin wajen 1492 kafin ya wuce Kano da Katsina da Gawo. Shehu Suyuɗi na Misira ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Tukururu, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim. Malam Aƙibu na Anu Samman, wanda ya yi karatu wurin shehunan biyu, ya yi rubuce-rubuce a kan Muhtasar na Halilu, kamar yadda Ahmad Baba na Tumbuktu ya ambata. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ma a Agadas ya yi suna. Da Baturen nan Heinrich Barth ya zo garin cikin Oktoba 1850, ya tarar da alƙali yana sauraron ƙara, ya kuma lura cewa Hausa ce harshen ciniki, ko da yake a lokacin mutanen gari suna da wani harshe nasu dangin Sanwai.

Littattafan da irin waɗannan alƙalai ke dogara a kansu, wato Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar da Tuhufa ta Ibn Asim, suna da nasu hukunci a kan dukkan abubuwa ukun da muka ambata. Game da daɗewar riƙo akwai hauzi: wanda ya riƙe gida shekara 10 yana sarrafa shi, mai da'awa yana nan, ya sani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to ba za a saurari ƙararsa ba, tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka tsawo. Game da ƙasar da ba ta da mai ita akwai babin raya matacciyar ƙasa, ta hanyar gini ko dashe ko noma ko fitar da ruwa, kuma in kusa da gari ne sai da izinin sarki. Game da ruwa kuwa, Risala ta bambanta rijiyar da ke cikin filin mutum da rijiyar dabbobi da aka haƙa a daji. Masu ta biyun su ne ke da fifiko har su gama shayarwa, daga nan sauran mutane daidai suke, kuma ba a hana rarar ruwa don a hana ciyawa.

Wannan hukunci na ƙarshe ya yi daidai da yadda Abzinawa da Fulani makiyaya ke zaune a Ighazar da Tamesna. Wanda ya haƙa rijiya shi ne ke fara shayarwa, baƙo ya nemi izini, a shirya kwanakin da zai yi. Ta hanyar guga ne ake tsare ciyawar da ke kewaye, domin dabba ba ta kiwo nesa da ruwa. A lambunan Timiya da Tabelot da Iferwan, da dabinon Ingal, mallaka ta fi kama da ta gona. Har ila yau akwai dukiyar da Abzinawa ke kira akh iddaren, wato nono mai rai, dabbobi ko itatuwan dabino da ake keɓe wa mata, a ci moriya ba a sayarwa, wadda malamai suka sa ƙarƙashin babin hubusi.

Kamar da ke tsakanin shekara 10 ta hauzi da shekara 10 ta Justiniyan, tare da cewa Ƙairawan, inda Sahnunu ya tsara Mudawwana, tana kan ƙasar da Justiniyan ya sake ci cikin 533 da 534, sun sa wasu masanan Turai irin su Ignaz Goldziher da Joseph Schacht suka ce fiƙihu ya ari wasu abubuwa daga Rum. Carlo Nallino ya musa haka, shi ma S. V. Fitzgerald ya musa cikin 1951, Patricia Crone kuma cikin 1987 ta karkata ga cewa in ma akwai tasiri, daga al'adun lardunan gabas ya zo. Wasu kuma sukan juya maganar su ce daga Muhtasar Napoliyon ya kwafi kundinsa, amma takardun muhawarar da aka yi wajen shirya kundin suna nan, kuma Domat da Pothier da al'adar Faris suke nunawa. Abin da ya tabbata shi ne kama ba ta zama hujjar aro, kuma tushen hukuncin biyu ya bambanta. A wurin Rumawa daɗewa ce ke haifar da mallaka. A wurin malaman Malikiyya shirun mai da'awa ne ke zama shaida a kansa.

5.0 Zamanin Faransawa

Ayarin soja na Foureau da Lamy ya ratsa Agadas cikin 1899, Faransawa suka shigo cikin 1904, suka kafa bariki na dindindin cikin 1906. Bayan yaƙin Kawsan, wanda ya kewaye barikin daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 tare da goyon bayan Sarki Tagama, an kashe mutane da yawa cikin gari, har da malamai, kuma ikon fada ya ragu ƙwarai.

Faransawa ba su ɗora Code civil a kan kowa ba. Sun raba mutane biyu, ƴan ƙasa masu cikakken haƙƙi da talakawan mulki, rabon da ke tuna wa mutum yadda Rum ta bambanta ɗan birni da baƙo. Shi ya sa da aka zartar da dokar Lamine Guèye ranar 7 ga Mayu 1946, wadda ta ba kowa matsayin ɗan ƙasa, aka riƙa kwatanta ta da dokar Sarki Karakalla ta 212. Dokokin shari'a na Afirka ta Yamma ta Faransa, daga na 10 ga Nuwamba 1903 zuwa na 3 ga Disamba 1931, sun bar wa talakawa al'adunsu cikin aure da gado da ciniki, a kotunan da kwamanda ko wakilinsa ke shugabanta tare da masana al'ada. Fiƙihu da kansa sai ya koma ana lissafa shi cikin al'ada. Jami'an kuma sukan karanta Muhtasar ne cikin fassarar Faransanci, irin ta Perron da ta Seignette ta 1878, wadda ta jera shi aya aya kamar kundin Napoliyon.

Inda tunanin Rumawa ya shigo kai tsaye shi ne batun ƙasa. Dokar 23 ga Oktoba 1904 ta ce duk ƙasar da ke fili ba mai ita ta gwamnati ce, wato ayoyi na 539 da 713 ne aka shimfiɗa a kan Afirka. Dokar 15 ga Nuwamba 1935 ta ƙara da ƙasar da aka yi fiye da shekara 10 ba a zauna ko aiki a kanta ba. Dokokin 24 ga Yuli 1906 da 26 ga Yuli 1932 sun kawo rajistar filaye. Dabarar rajistar daga Ostireliya aka aro ta, amma haƙƙin da takardar ke tabbatarwa shi ne na aya ta 544. Makiyayi ba ya barin kunya ko shinge, yakan bar wuri wata da watanni ya dawo. Saboda haka a idon waɗannan dokoki makiyayar Abzin ta faɗa cikin abin da ba shi da mai shi, alhali ga mutanen wurin kowace rijiya da kowane kwari an san na su wane ne. Kamar yadda muka gani, rumbun Rumawa yana da res communes da haƙƙin mashaya, amma gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki abin da ya fi yi mata amfani. Sai a dokar 20 ga Mayu 1955 aka tabbatar da haƙƙoƙin gargajiya a kan ƙasa.

6.0 Bayan mulkin kai

Tsarin mulki na 8 ga Nuwamba 1960 ya bar dokokin da aka tarar suna aiki, ta haka Code civil ya zama dokar Nijar. Doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta umarci kotuna su bi al'adar masu ƙara cikin aure da saki da gado da wasiyya da ƙasar da ba ta da rajista, kuma dokokin 2004 da 2018 da suka biyo bayanta sun riƙe wannan ƙa'ida. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta keɓe abin da ke bayanta ga kiwo. Rijiyoyin siminti da famfunan da gwamnati ta gina a yankin makiyaya kuwa an buɗe su ga kowa, sai ya zama ba mai ikon tsare ciyawar da ke kewaye da su.

Gyara ya zo ne da doka mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa ginshiƙan dokar karkara. Ta ce haƙƙin da ya fito daga al'ada da wanda ya fito daga rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya ce, ta kuma amince wa makiyaya da haƙƙin fifiko a yankin da suka saba komawa, ba tare da an hana wasu isa ga ruwa ba. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Mai karatu zai ga cewa wannan fifiko ya fi kusa da hukuncin rijiyar dabbobi na Risala bisa ga aya ta 544.

7.0 Abin lura ga mai fassara

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ga wurare huɗu da ya kamata masu shirya ƙamus da littattafan manya su yi hattara.

Na farko, propriété. In an fassara ta da "mallaka" kawai, za a haɗa ta da "mai" na Hausa, wanda ke cikin mai gona da mai rijiya da mai gari, alhali ikon waɗannan uku ba iri ɗaya ba ne. Muna ba da shawarar "cikakkiyar mallaka" ga ma'anar aya ta 544, a bar "haƙƙin fifiko" ga abin da dokar 1993 ta ba makiyaya.

Na biyu, possession da détention. Hausa tana da "riƙo" ga duka biyu. Sai a ce "riƙon mai cewa nasa ne" da "riƙon aro ko haya ko amana", domin na farko ne kaɗai daɗewa ke yi wa amfani.

Na uku, prescription. "Hauzi" ta yi kusa, amma sharuɗɗanta na fiƙihu ne. Shekara 10 ta Code civil tana buƙatar kyakkyawar niyya da sahihin dalili kamar saye, in babu su sai 30, kuma dokar 1932 ta ce daɗewa ba ta cin filin da ke da rajista. Ya fi kyau a rubuta "mallaka ta daɗewar riƙo", a yi bayanin bambancinta da hauzi.

Na huɗu, sans maître. "Ba mai shi" da "na kowa" da "na gwamnati" abubuwa uku ne dabam, kuma cakuɗa su ne ya jawo abin da muka bayyana a sashe na 5.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda tunanin mallaka ya taso daga amsoshin masanan Rum, ya bi ta kundin 533 da makarantar Bolonya da kundin 1804, ya iso Agadas cikin dokokin ƙasa na 1904 da 1935, inda ya tarar da fiƙihu da al'ada sun riga sun tsara zaman rijiya da makiyaya. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne tattara kalmomin da ake amfani da su a zauren alƙalin fadar Sarkin Abzin, da bakin tafintocin kotu, da zaman kwamitocin filaye na jihar Agadas, cikin Hausa da Tamajak da Fulatanci, a rubuta kowace tare da irin ƙarar da aka faɗe ta a ciki. Da wannan ne za a gina ƙamus wanda zai nuna wa mai karatu, gefen kowace kalma, ko daga Rum ma'anarta ta fito, ko daga fiƙihu, ko daga al'ada.